Shekarar da Na Zubar da Ruwan Tanki

Na san kun ji. Babu wanda ya zaunar da ku ya faɗa muku, amma kun tashi kuna ganin yadda matan gidan kakanninku na cikin Yola ke yin tsit idan na shigo, da yadda wata za ta janye jaririnta cikin dabara idan na ce kai, yaron nan ya yi ɓulɓul. Cewa suke bakina ba shi da kyau, abin da na ambata sai ya faru. Babanku bai so a ta da maganar ba har ya koma ga Allah, ni kuma na yi shiru saboda shi. Yanzu gwiwa ta gaji, ido ya fara yaudarata, kuma akwai dalilin da ya sa shirun ya gagare ni. Sa'adu, kai ne babba, a kanka kuma abin ya fara, don haka ka karanta a tsanake.

Sai na fara da gwangwanin babanku. Lokacin da aka ɗaura mana aure, Gongola ake ce wa jihar nan, shi kuma bai daɗe da dawowa daga ƙasar Turawa ba, inda aka tura shi karatun ƙarafa. Ya dawo da zaton za a gina tashar lantarki ta nukiliya a ƙasar nan a neme shi. Ba a neme shi ba, koyarwa ya yi a makarantar koyon sana'a har ya yi ritaya. Ni kuwa 'yar Jimeta ce, 'yar Hausawa 'yan kasuwa, malamar firamare mai baki a buɗe, aka kawo ni cikin Fulanin Yola masu magana ƙasa-ƙasa. Surukata, Dada, Kaɗo take kirana, wato wadda ba Bafulatana ba, ko da tana cikin jin daɗina. Wasu angwaye turare suke nuna wa amarya. Babanku gwangwanin alewa ya buɗe mini, da zobba biyu na wani farin ƙarfe a ciki, waɗanda aka yanko daga bututu ɗaya. Ɗaya an matse shi har ya baje, bai karye ba. Ɗayan kuwa da aka matse shi sai ya tarwatse.

"Sunansa zirkoniyam," in ji shi, kamar yana gabatar mini da ɗan'uwansa. "Da shi ake yin bututun da ake zuba makamashin nukiliya, don yana jure ruwan zafi shekara da shekaru. Amma yana da maƙiyi, wata iska da ake kira haidurojin, tana cikin ruwan nan da muke sha. Ƙanƙantarta ta kai ta ratsa jikin ƙarfe. Sai ta shiga a hankali, ta taru inda ƙarfen ya fi jin nauyi, ko inda ya ɗan ƙarzu, ta haɗu da shi su zama wani siririn ɓawo mai gautsi. Ɓawon ya tsage, tsagar ta tsaya. Iskar ta sake taruwa a bakin tsagar, ta sake gaba. Daga waje kuwa sumul, ba ki ganin komai."

"To ni ina ruwana, Malam? Tuwo zan tuƙa a tukunyar nukiliya?"

"Ba shi kaɗai take ci ba. Ƙarfen mota da na inji ma tana cin su, kuma wanda ya fi tauri ta fi so. In kin ga an jiƙa irinsa a ruwan batir yana fitar da kumfa, kumfar nan ita ce. Wadda kika gani ta tsere. Wadda ba ki gani ba ta shige ciki, tana jira a ɗora masa kaya."

Dariya na yi masa ranar, na kuma yi masa ita sau da yawa bayan nan, don ba shi da hirar da ta wuce wannan. Ko baƙi suka zo sai ya ɗauko gwangwanin. Na ji har na haddace ba da niyya ba.

A shekarar da nake da cikinka, Sa'adu, aka tura babanku kwas Zariya na 'yan watanni, na zauna a babban gida tare da Dada da iyalin Hamma Bakari, wato yayan babanku, bappanku da kuka sani da sanda. A lokacin ba shi da sanda. Ƙaƙƙarfan mutum ne mai motocin ɗaukar shanu, mai kyauta har ta yi yawa, wanda bai taɓa jin shawarar na ƙasa da shi ba tun da aka haife shi. Ina son ku riƙe wannan: mutumin kirki ne. Bazarar ta zo da zafin da ku 'yan fanka ba ku sani ba, famfon gwamnati ya ƙafe, rijiyoyi suka koma laka, Hamma ya ga mahaifiyarsa tana lallaɓa buta ɗaya daga azahar zuwa magariba. Ya rantse sai ya kafa tankin ƙarfe a tsakar gida, a kan dogayen ƙafafu da suka zarce bishiyar mangwaro, motar ruwa ta riƙa cika shi.

Ƙafafun da notuna ake haɗa su, su ne kuma ke riƙe da gadon da tankin zai zauna. Hamma ya ce notin kasuwa na yara ne, a tankin uwarsa sai wanda ya fi kowane ƙarfi. Ya je ya kwanto su daga jikin wata matacciyar katafila da masu aikin hanya suka yasar, manya-manya, baƙaƙe, duk tsatsa. Mai waldarsa ya zuba su a bahon roba bayan kicin, ya tsiyaya musu ruwan batir don tsatsar ta fita, kamar yadda kowane bakanike a garin nan yake yi. Na zo wucewa da cikina a gaba, na leƙa, na ga ƙananan kumfa suna ta tasowa daga jikinsu. Daga nan aka kai su Jimeta wurin wani mai sa wa kayan babur ƙyalli, ya lulluɓe su da tutiya, suka dawo fari fat kamar azurfa. Na sami Adda Asta, matar Hamma, na ce mata kumfar nan ba ta kwanta mini ba.

"Ke da mijinki boko ya taɓa ku," in ji ta, tana dariya. "Yanzu kumfa ma abin tsoro ne?"

Tanki ya tashi, aka yi addu'a, aka raba goro. A jikin ƙafa ɗaya aka sa famfon, aka yi wa ƙasan dabe da siminti. A Yola gidan da ke da ruwa ba ya rufe ƙofa, saboda haka kullum da la'asar matan unguwa da yaransu suke cika tsakar gidan da bokitai da tulu, su yi layi a inuwar tankin, don nan kaɗai ake samun sanyi. Yana ɗan yoyo ta wata gaɓa, ƙafafun kullum a jiƙe, yara suna tara hannu suna wasa da ɗigon. Ni ma da na haihu, ruwansa na yi wankan jego da shi, na sa wa Hamma albarka ba sau ɗaya ba.

Wata safiya da hantsi, ba ka yi arba'in ba, na ajiye baho a kan daben nan ina yi maka wanka. Babu iska, babu wanda ya taɓa komai. Sai na ji ƙas! a sama, ƙara ɗaya, busasshiya. Wani abu ya faɗo tsulum cikin bahon, tsakanin ƙafafunka, ruwa ya fantsamo mini a fuska. Na sa hannu na lalubo. Kan noti ne, ya cika mini tafin hannu. Na juya shi na dubi inda ya rabu da jikinsa. Bai lanƙwasa ba, bai ja ba, babu ɗigon tsatsa. Wurin a share yake, yana walƙiya da ƙananan ƙwayoyi kamar an gutsura sukari mai ƙwara. Haka bakin zoben nan da ya tarwatse na cikin gwangwani yake. Na ɗaga kai na dubi ruwan mota guda a tsaye bisa kanmu, na dube ka kana wutsil-wutsil. Ban san yadda na sure ka ba. A ƙofar ɗaki na tsinci kaina, kai tsirara da kumfar sabulu.

Dada na fara nuna wa. Hausarta ba ta san mace ba, kowa namiji ne a bakinta.

"Dada, tankin nan zai iya faɗowa."

"A'uzu billahi! Kaɗo, rufe bakinka. Mutum ba ya kiran mugun abu da sunansa a gida mai jariri. Tofar da yawu."

Na tofar, amma tofar da yawu bai mayar da kan notin ba. A gidan nan matar ƙani ba ta tsayawa gaban yayan miji, ko gaisuwa daga bayan ƙofa ake yi, fulako kenan, kunyar Fulani. Ranar na taka shi. Na durƙusa a ƙofar zaure, na nuna wa Hamma kan notin, na faɗa masa duk abin da na haddace, da iskar, da kumfar, da yadda take son ƙarfe mai tauri. Ya saurare ni da murmushi irin na wanda yaro ke ba shi labarin mafarki.

"Amarya, wannan noti katafila ya riƙe shekaru. Ruwa ne zai gagare shi? Guda ɗaya ne ya zo da aibi. Je ki huta, jego ne yake sa ki tunani."

Ya sa aka musanya wanda ya karye, sannan, don ya kwantar mini da hankali, ya sa mai walda ya hau da doguwar sifana ya ƙara ɗaure sauran tamau. Ina tsaye ina kallo, ina jin muryar babanku yana cewa inda ƙarfe ya fi jin nauyi can take taruwa. Duk juyin sifanar nan a cikina nake jin sa.

Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Kunnena ya koma kan tankin. Cokali ya faɗi a kicin sai gabana ya yanke. Da la'asar in yaran unguwa suka taru a ƙarƙashinsa, sai in tsaya a taga ina ƙirga kawunansu da ido, in rasa wanda zan fara kira. Na gwada korarsu zuwa gindin mangwaro, uwayensu suka ce matar ɗan boko tana yi musu rowar inuwa. Babu waya a lokacin da zan kira Zariya. Na ba wani direba saƙon baki, ban san ko ya isa ba. Sai wata safiya ina shara daga nesa-nesa, tsintsiya ta turo wani abu mai ƙyalli daga cikin yashi. Kan noti na biyu ne, wanda babu wanda ya ji faɗuwarsa. Na duba sama, na ga gurbinsa a kusurwar da ke bisa famfon, daidai inda layi yake farawa.

Ranar motar ruwa ta cika tankin da safe. Da azahar ta yi, rana ta kori kowa ɗaki, Hamma ya tafi kasuwar shanu. Na goya ka, na sake tunani, na kwance ka na shimfiɗe a ɗakin Adda Asta, don in abin ya zo kada ya same mu tare. Na ɗauki sifanar da mai walda ya bari. A gindin bututun da ke saukowa akwai wani toshi da ake buɗewa in za a wanke tankin. Dole sai na shiga ƙarƙashin tankin kafin in kai ga toshin. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan tsayuwa ba, ko a ɗakin haihuwa. Ina jin ɗigon yana sauka a wuyana, ina karanta duk abin da ya zo bakina, hannuna yana zamewa. Da toshin ya saki, ruwan ya buge ni na faɗi zaune, na rarrafa na fita.

Ruwa ya malale tsakar gida, ya bi ta zaure ya fita titi, a cikin bazarar da mutane ke tashi tun asuba neman bokiti ɗaya. Yara suka fito suna ihu suna birgima a ciki. Mata suka zo da kwanoni suna kamfatar abin da ya samu haɗe da yashi, wata tsohuwa tana kuka tana tsine wa wanda ya yi. Dada ta tsaya a ƙofarta, ruwa yana wanke mata ƙafa. Ana cikin haka Hamma ya shigo. Bai yi tsawa ba, Fulanin nan ba sa yi. Ya dube ni a jiƙe da sifana a hannu, ya ce a gaban unguwa duka:

"Me na yi miki?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kuka ya ƙwace mini, na ɗaga murya yadda ba a taɓa yi a gidan ba.

"Wallahi Hamma, in aka sake cika tankin nan sai ya faɗo a kan mutum!"

Na ji mata sun ɗauki salati. Wannan ita ce maganar da ake riƙe da ni da ita har yau.

Saƙona ashe ya isa. Babanku ya iso bayan kwana kaɗan, na zuba masa kawunan biyu a hannu. Ya kai su bakin taga ya daɗe yana dubawa. Ya ce tutiyar da aka lulluɓe su da ita ta rufe wa iskar hanyar fita, ɗigon ruwan kuma yana ƙara mata. Ya ce da notin kasuwa mai laushi aka sa, da babu abin da zai same shi. Ya je wurin yayansa ya zauna a ƙasa, ya roƙe shi a sauya su duka. Amma maganar ta riga ta wuce ta noti. An kunyata Hamma a gaban unguwa, kuma mace ce ta yi, matar ƙaninsa, Kaɗo.

"Tunda gidan nan ya fi ƙarfin tankina," in ji Hamma, "zan kai shi inda ba a yi masa baki."

Ya sa aka kwance shi, aka loda a mota, aka kai gidan gonarsa na Yolde Pate, aka sake kafa shi da notunan nan dai, ya kwashe iyalinsa suka koma can. Wannan ne abin da ban hango ba. Na ɗauke shi daga kan ɗana, ya koma kan 'ya'yan Adda Asta, inda idona ba ya kaiwa. Babanku ya je har sau nawa, Hamma ya daina fitowa. Ni na je sau ɗaya, da rana, lokacin da na san ba ya nan. Adda Asta ba ta ba ni tabarma ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta saurare ni, fuskarta a ɗaure, sannan ta ce ƙasa-ƙasa:

"Na ji. Tafi kafin a gan ki."

Daga baya na sami labarin abin da ta yi. Ba ta yi musu da mijinta ba. Ce wa yaran ta yi ta ga gamsheƙa ta shige gindin tankin, ta sa aka jona dogon tiyo daga famfon zuwa bakin kicin. Babu yaron da ya sake kusantar wurin. Hamma ya gane. Sai ya ɗauki kujerarsa ta kwanciya ya kafa a inuwar tankin, kullum bayan azahar nan yake hutawa da rediyonsa, don duk mai wucewa ya gani.

Makonni suka wuce. Har na fara ce wa kaina ƙila jegon ne da gaske. Ruwan farko ya sauka, gari ya yi sanyi. Wata ranar Laraba da la'asar sakaliya ina tankaɗe, sai na ga mai waldar nan ya shigo gida ba sallama, rigarsa duk jini. Tankin ya sauko. Masu noma a kusa sun ce ƙara biyu suka ji a jere, sannan ƙafa ɗaya ta buɗe. Hamma ya ji ta farko ya yunƙura, shi ya sa gadon ƙarfen bai same shi a ƙirji ba, ya same shi a ƙafa. Kujerar kuwa ba a sami abin ɗauka a cikinta ba. A asibiti aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Na ɗauka ranar za a ce Kaɗo ta yi gaskiya. Da na shiga asibitin, matan gidan suka ja mayafi suka juya mini baya. Wata goggonku ta ce, yadda zan ji, ai ta rantse sai ya faɗo a kan mutum, ga shi ya faɗo. Babanku ya ɗauko gwangwaninsa yana son ya yi bayani, babu wanda ya dube shi. Iskar da ba a gani tana cin ƙarfe, da bakin mace da kowa ya ji da kunnensa, kun san wanda ya fi sauƙin yarda. Kafin ƙarshen damina muka tashi daga babban gida muka kama haya a Demsawo. Hamma ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, yana yi muku kyauta, yana ɗaukar ku a cinyarsa, amma bai sake amsa gaisuwata da fiye da ɗaga hannu ba. Babanku ya rasa ɗan'uwansa yana raye, kuma bai taɓa ce mini ni na jawo ba. Adda Asta kaɗai, duk Sallah, takan aiko mini da man shanu ba tare da saƙo ba. Ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Amma ko yau aka mayar da ni ƙarƙashin tankin nan da sifana a hannu, sai na buɗe shi.

Tun daga shekarar na koyi riƙe bakina. Ko hadari na gani ba na cewa za a yi ruwa.

Sa'adu, ranar Juma'ar da ta wuce ka kai ni in ga sabon gidanka na Alkalawa. Gida ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Ka nuna mini tankin da ka kafa a bayan kicin, ka ce mai aikin ya samo maka notuna na musamman, na jikin babbar mota, an wanke su an sa musu ƙyalli. Na ga suna walƙiya. Na ga lilon da ka ɗaura wa 'yan biyunka a jikin ƙafarsa. Ka tambaye ni me ya sa na yi shiru a mota, na ce maka kaina ke ciwo. Matarka tana wurin, ta kuma ji labarin bakina, shi ya sa ban furta ba, kuma ba zan furta ba. Na dai saka maka kawunan notin nan biyu a gwangwanin babanka, tare da zobbansa. Ka buɗe ka duba bakinsu da kyau. Amma kafin ka buɗe, je ka kwance lilon.